Dakta Husaina, Wadda Ta Ƙirga 'Ya'yan Farin Unguwarmu

Ranar Laraba, 4 ga watan Yuni, 2003, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya kayan yara. Rediyon surukata, Hajiya 'Yardada, yana kan taga yana karanto sanarwar rasuwa. Ba saurare nake sosai ba, hankalina yana kan wani littafi da na bari a kife a kan gado, saura shafi goma in gama. Sai na ji an ce Allah ya yi wa Dakta Husaina Hambali rasuwa da asubahin ranar, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara hamsin da huɗu. Hajiya ta miƙa hannu ta kashe rediyon, ta ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Na maimaita a bayanta. Daga nan dukanmu biyu muka juya muka dubi rijiyar gidanmu.

Anti Dakta, abokan aikinki na jami'a za su rubuta digirorinki da ƙasashen da kika je taro. Ni ban san waɗannan ba. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare, kuma tun daga nan abin da na fi karantawa shi ne littattafan soyayya da muke musaya tsakaninmu matan unguwa. Abin da zan rubuta shi ne abin da na gani da idona a lungunmu.

Kin fara shigowa gidanmu a daminar 1999, 'yan makonni bayan sojoji sun miƙa mulki. Kina saye da atamfa da mayafi ruwan toka, ɗalibai mata biyu suna biye da ke, ɗaya da akwatin ƙanƙara cike da ƙananan kwalabe, ɗaya da takardu. Da na ji an ce dakta ce kuma ita ke tuƙa motarta da kanta, kafin ki gama gaisawa da Hajiya na riga na tsara miki labari a raina: wani ya yaudare ki kina budurwa, kika rantse ba ke ba aure, kika rungumi karatu. Har sunan mutumin na raɗa. Daga baya na san kina da miji da 'ya'ya huɗu, kuma ranar hankalinki yana kan gugan da aka ajiye a ƙasa kusa da kwata.

Kin ce kina binciken ruwan rijiyoyin cikin birni ne, don ki gane dalilin da ya sa yara ke kwanciya da gudawa duk damina. Hajiya ta bari kin ɗebi kwalba guda, amma sai da ta gaya miki tarihin rijiyar. Surukinta ne ya haƙa ta, ruwanta ba ya ƙafewa, ba gartsi, kuma daga lungu uku ake aiko a ɗiba idan za a dama furar baƙi. Kika saurara har ƙarshe, kika ce Allah ya jiƙan wanda ya haƙa.

Sai ɗalibarki ta zauna a gabana da takarda, Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa. Ta tambaye ni yarana nawa da ba su kai shekara goma ba. A lokacin ina goye da Nazeer, watansa biyar. Akwai kuma ta farin, shekararta biyu da rabi, wadda tun da aka yaye ta ta koma ɗakin Hajiya. Mu a haka muka tashi: mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta nuna nata ne a gaban surukai, kaka ce uwarsa. Na sunkuyar da kai na ce, “Ga shi nan a baya.” Ta rubuta ɗaya. Ta tambaya ko ya yi gudawa cikin mako biyun nan, na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa, don nono kaɗai yake sha. A daidai wannan lokacin yarinyar tana kwance a ɗakin Hajiya, kwananta uku cikinta bai tsaya ba. Ba wanda ya tambayi Hajiya, saboda takardar ta iyaye mata ce. A ganina ranar ban yi ƙarya ba, tarbiyya na nuna.

Abin da ya biyo baya ke kika ba ni labarinsa. Kin ce a zamanin soja rahoto uku kika rubuta, duk suka kwana a durowa, don wanda aka ɗora a kujera ba ɗan unguwa ba ne kuma ba zai dawo neman komai a wurinmu ba. Yanzu da aka zaɓi kansiloli, kika ɗauki sabon rahotonki kika kai majalisar ƙaramar hukumarmu da murna. Gwajin da kika yi ya nuna ƙwayoyin cuta a yawancin rijiyoyin. Amma yaran da takardunki suka nuna sun kwanta, a gidaje ɗari da arba'in, talatin da ɗaya ne kacal. Kansilan mazaɓarmu, Malam Ɗanladi, ya ce idan ruwan ya lalace haka, ina marasa lafiyar suke? Aka ajiye maganar.

Na tambaye ki ko kin ji haushinsa. Kika ce a'a, tambayarsa daidai ce, da ke ce a kujerarsa ita za ki yi. Wanda zai kafa wa mutane doka yana da hakkin ya ga hujja, kuma idan lissafinki biyu suka ƙi haɗuwa, to akwai inda kika kuskure.

Wata shida kika yi kina neman kuskuren. A makarantar firamaren unguwarmu kika same shi. Hedimasta ya buɗe miki rajistar ajujuwa, kika ga yaran da suka yi fashi a daminar saboda ciwon ciki sun ninka naki adadin. Kika kwafi sunayensu da na iyayensu, kika jera su da takardunki. Ga yaro a rajista, ga gidansu a takardarki, amma shi ba ya ciki. Kika bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da ƙafa. Kusan kowane ɗaya ɗan fari ne ko 'yar fari. Kuma su ne manyan, waɗanda aka yaye, masu shan ruwan randa.

A daminar shekarar 2000 kika dawo gidanmu ke kaɗai. Kika same ni a bakin ƙofata da littafi a cinya, amma tun safe shafi ɗaya nake kallo. Kika tsaya a ƙofar ɗakin Hajiya, kika nuna wasu 'yan takalma ja.

“Amarya, waɗannan na wa ne?”

Na ce, “Na 'yar Hajiya ne.”

“Hajiya ta haihu ba a gaya mana ba? Ai da mun zo suna.”

Hajiya ta yi dariya daga ciki, ta ce ki shigo. Da kika ɗaga labule dariyar ta tsaya. Ciwon ya sake dawowa, kuma na bana ya fi na bara. Idanun yarinyar sun faɗa, leɓenta ya bushe. An ba ta jiƙo, an ba ta ruwan rijiya mai sanyi duk sa'ar da ta nema. Kika ɗan ja fatar cikinta kika saki, fatar ba ta koma da wuri ba. Ba ki yi faɗa ba. Kika sa na tafasa ruwa, kika haɗa na gishiri da sukari, kina ba ta cokali-cokali, sannan kika ce yanzu za a tafi asibiti, ba sai maigida ya taso daga kasuwar Kurmi ba, a aika masa ya same mu can.

A motarki ni da Hajiya muka zauna a baya. Yarinyar tana hannun Hajiya, ni ina kallon taga, ban miƙa hannu ba. Mun kusa fita ganuwa sai Hajiya ta ɗora mini ita a cinya, ta ce, “Riƙe 'yarki, hannuna ya gaji.” Hannunta bai gaji ba. Tun ranar yaye ban rungume ta a gaban kowa ba sai ranar. Na ga kin dube mu ta madubi, kika mayar da ido kan hanya.

Kwana uku aka yi ana ƙara mata ruwa, Allah ya tashi kafaɗunta. A barandar asibitin na ce miki laifina ne, da na faɗa bara da ba a kai haka ba. Amsarki ita ce abin da ya sa nake wannan rubutun.

“Laifina ne, Yusra. Ni na rubuta tambayar. Ni Bafulatana ce, nawa na farin shekararsa ashirin da takwas, ko a waya ban taɓa kiran sunansa ba. Amma na zauna a ofis na rubuta tambayar da ni kaina ba zan amsa ta daidai ba a gaban surukata. Na manta gidan da na fito.”

Ban taɓa ganin babba mai digiri ya ɗauki laifi a gaban irina ba. A littattafan da nake karantawa sai a shafin ƙarshe ake neman gafara, kuma da kuka. Ke kin faɗa ne kawai, kika ɗauko biro kika fara gyara tambayar a bayan katin asibiti.

Ba ki ce mu daina kunya ba. Tambayar kika juya. Yanzu kakanni za a tambaya: yara nawa ke kwana a ɗakinki, su wa ke sha a randarki? Kuma kika ce ɗalibai ba za su iya ba, sai wadda matan suka sani. Da kika ji babu gidan da littafina bai taɓa kwana ba a unguwar, kika nemi izinin maigidana, kika ba ni babban littafi mai layi-layi da biro biyu. Ina shiga gida da na soyayya a hannu ɗaya, naki a ɗaya hannun. In miƙa wa matar gida nata ta shige ɗaki, ni kuma in zauna da tsohuwa.

Makon farko na kawo miki aikina ina jin daɗi. Kika buɗe, kika karanta da ƙarfi: “Wata kyakkyawar yarinya mai dara-daran idanu tana kwance a kan tabarma, hawaye na bin kumatun kakarta.” Kika cire tabarau kika dube ni.

“Yarinyar nan sunanta wa? Shekararta nawa? Kwana nawa ta yi?”

Na ce na manta ban tambaya ba.

“To koma. Suna, shekara, kwana nawa, wace rijiya. Idanun ki bar wa marubutanki, su ma su ci abinci.”

Na koma. Na koyi rubuta abin da na gani ba abin da na so in gani ba, kuma har yau in na kama kaina ina ƙawata magana sai in ji muryarki. Sau ɗaya kika ari littafina. Kika dawo da shi bayan kwana biyu, kika ce kin karanta har ƙarshe, labarin ya yi daɗi, amma gida mai hawa uku da motoci biyar, ba wanda ya taɓa tambayar daga ina ruwan gidan yake zuwa.

Da na zo kan layin gidanmu, na rubuta shekara uku da rabi, kwana shida, rijiyar gida. Gurbin suna na bar shi fari. Na ɗauki biro sau uku, hannuna ya ƙi. Da kika zo wurin, sai kika cike da rubutunki. Sai da za ki tafi kika ce, “Na ara miki hannuna. Ranar da kika ga dama kya rubuta da naki.”

A ƙarshen damina adadin ya tashi daga talatin da ɗaya zuwa ɗari da goma sha takwas, a gidajen nan dai ɗari da arba'in.

Saura Hajiya. Ta yarda yara suna ciwo, amma ba ta yarda rijiyarta ce ba. Kika nemi izinin mai unguwa da na maƙwabcinmu, wanda ramin masai na gidansa ke jikin katangarmu ta baya, taku bakwai daga rijiyar. Kika zuba wani koren launi a masan, wanda kika ce ba ya cutarwa, kika ce wa Hajiya ta riƙa jan guga da kanta kowace safiya tana zubawa a farin kwano. Ta ce ta yarda, don ki ji kunya. Kwana huɗu ruwa yana fitowa garau, tana aika ni in gaya miki. A safiya ta biyar na fito na same ta tsaye da kwanon a hannu, ta karkata shi wajen haske. Ruwan ya yi shar kamar an wanke ganye a ciki. Sai ta ce, “Shekara arba'in ina yi wa baƙi alfahari da ruwan nan.” Ta nemi kwalba, ta ɗura da hannunta, ta ce in an tashi zuwa majalisa da ita za a je.

Mun je mu uku. Na zauna a kujerar baya da littafin a ƙirjina. Kika yi bayani da Hausa, ba gaggawa, kika fara da faɗin kuskurenki na bara kafin wani ya tuna miki. Kika gode wa Malam Ɗanladi, kika ce tambayarsa ce ta nemo yara tamanin da bakwai. Sannan Hajiya ta tashi ba tare da an kira ta ba, ta ajiye kwalbar a gabansa.

“Ɗanladi, ka gane ni?”

Ya miƙe ya ce, “Na gane ki, Inna.”

“Kai ma ɗan fari ne. A ɗakin kakarka Binta ka tashi, da ni aka yi jinyarka shekarar da aka fid da rai. Da a lokacin aka zo ƙirga, da ba ka cikin takarda. Ga marasa lafiyar da kake tambaya, kai ne na farkonsu.”

Zauren ya yi dariya, shi ma ya yi, amma ya ɗauki kwalbar ya daɗe yana juya ta. Shi ne ya gabatar da ƙudurin da bakinsa.

Kafin daminar gaba aka fitar da ƙa'ida. Ba za a haƙa sabon masai ba sai duba-gari ya zo ya auna tazararsa da rijiyar gida da ta maƙwabta. A ɗaure bakin kowace rijiya da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga. Rijiyar da gwaji ya kayar a bar ta ga wanki. Aka haƙa burtsatse a harabar firamare, unguwa na ɗiba daga nan, kuma aka ce hedimasta ya riƙa aika adadin masu fashin ciwon ciki ga sashen lafiya duk wata.

Ba zan ƙawata ba, tunda kin hana ni. Gidajen cikin birni a matse suke, akwai inda tazarar ba ta samuwa ko an so. Akwai masu haƙa masai a ɓoye. Burtsatsen ya taɓa lalacewa wata biyu. Kin san duk wannan, shi ya sa kika ce doka ma ana gwada ta kamar ruwa, kika sa muka sake ƙirgawa kowace damina. A ta bara mun samu arba'in da uku. Na yi tsalle, ke kuwa kika ce alhamdu lillahi, sannan kika tambayi gidajen arba'in da ukun.

Rijiyarmu tana nan da murfinta. Da ruwanta muke wanki, da shi na wanke kayan da nake shanyawa ranar da labarinki ya zo. Hajiya har yanzu tana gaya wa baƙi wanda ya haƙa ta, sai dai ta ƙara da cewa wata Bafulatana ta kama ta da laifi.

Da muka je gaisuwa na ga maigidanki, Malam Ilu, tsohon malamin makaranta, yana zaune a zaure. A tsakar gidan na ga kwalabenki a kife a kan tire, an wanke su. 'Yar'uwar tagwaicinki, Hajiya Hassana, ta ce mini shekara talatin shi ke wanke miki su duk yammar da kika dawo daga unguwanni, kuma waɗannan ranar Talata ya wanke, yana sa ran za ki tashi. Na tuna labarin da na tsara miki ranar farko. Wanda Allah ya rubuta miki ya fi nawa kyau nesa.

An yi ruwan farko a makon nan. Littafin mai layi-layi yana wurina, ɗalibarki ta ce za su karɓi aikin, ni kuma zan shiga gidajen kamar yadda muka saba. Amma akwai aron da ban mayar ba. Yarinyar da kika ɗauka a motarki yanzu shekararta shida da rabi, tana aji ɗaya, kuma tun da ta shiga ba ta yi fashin kwana ɗaya saboda ciki ba. Na gaya wa Hajiya abin da nake son yi, ta ce ita ba ta iya karatun boko ba, don haka ba ta ga komai ba. To ga shi da hannuna, Anti Dakta. Sunanta Ikram. 'Yata ce ta fari.

Ya Allah, ga baiwarka Husaina ta zo gare Ka. Ka gafarta mata kurakuranta, ita da ba ta ɓoye nata ba. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Duk yaron da ya sha ruwa mai tsabta a unguwarmu ya tashi lafiya, Ka sa ladan a mizaninta, Ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shan da ba ƙishirwa bayansa.

A madadin Hajiya 'Yardada da maigidana da matan lungunmu, ina miƙa ta'aziyya ga Malam Ilu, da Hajiya Hassana, da ɗalibanta, da 'ya'yanta huɗu. Musamman babbansu, Tajuddeen. Ba ka taɓa jin sunanka a bakinta ba, amma na ga fuskarta ranar da ta faɗi shekarunka a barandar asibiti, kuma na san me ke ƙarƙashin irin wannan shirun. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Yusra Salihu,
Cikin birnin Kano.